Wuta Ba Ta Cin Gubar Kamfani

"Ai wuta ta ci shi." Da wannan maganar ake toshe bakin duk wanda ya yi ƙorafi a rumfunan abinci na Sharaɗa da Chalawa da Bompai, kuma ta ishe ni. Da zarar an tashi hutun rana, leburori da direbobi da masu gadi, har da ɗaliban Jami'ar Bayero masu koyon aiki a kamfanoni, sai su cika bencuna. Wannan ya ce garau-garau, wancan ɗanwake, wani tuwo da miyar kuka a ɗora masa ganda biyu, a kora da zoɓo mai sanyi. Abinci ne mai albarka da araha, ba ni da ja. Amma kowa ya leƙa bayan rumfar. Sau da yawa zai ga shuɗin durom kusa da murhu, 'yan garuwa na juye ruwa a ciki, alhali takardar gargaɗin sinadarin da aka shigo da shi a cikinsa tana nan manne, rana ta koɗar da ita. Ka yi magana a ce maka, "Malam, an wanke shi da omo, kuma ruwan ma tafasawa ake yi."

Gaskiya ne tafasa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, domin su halittu ne masu rai. To amma dalma fa? Kuromiyam da ake jima da shi a kamfanonin fata na Chalawa da Sharaɗa fa? Waɗannan dangin ƙarfe ne, ba su da ran da wuta za ta ɗauke. A tafasa su tun asuba har la'asar suna nan daram. Abin ma ƙaruwa yake yi, don ruwa ne ke tashi ya bi tururi, gubar ta taru a ɗan abin da ya rage a tukunya. Roba kuwa tana riƙe wasu sinadarai a jikinta, ta riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, balle a zafin Kano.

Sai wani ya ce shekara da shekaru yana ci a nan, ko ciwon ciki bai taɓa yi ba. Ai nan gizo ke saƙar. Irin wannan guba ba gudawa take sawa nan take ba. Taruwa take yi a jini da ƙashi da ƙoda, sai bayan shekaru a ji magidanci yana neman kuɗin wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, 'yan uwa suna cewa sammu ne. A Minamata ta ƙasar Japan, inda cuta ta bayyana a 1956, ruwan kamfani ne ya gurɓata kifi da zaiba, kuma dafa kifin bai ceci kowa ba. Me ya kai mu nesa ma? A 2021 a nan Kano, aƙalla mutum 10 suka rasu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti bayan shan lemon haɗi, daga baya hukumar NAFDAC ta gano cewa garin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne.



Hajiya mai abinci, ke nake roƙo da farko. Kada ki sayi durom ko jarka ko bokitin fenti da ya fito daga kamfani don ruwan girki, komai arharsa. Randa ko sabuwar roba ta fi. Ganda mai warin magani, ko wadda aka babbake da taya, ki bar wa mai ita, domin fatar da aka tanada don jima ba ta ci ba ce. Latas da alayyahu ki tambayi inda aka noma su: ruwan Getsi da ke kwaso dagwalon Bompai ya haɗu da Jakara ana ban-ruwa da shi, haka Salanta ke kwasar na Sharaɗa zuwa kogin Chalawa. Ɗan tsami da kala da zaƙin zoɓo kada ki karɓi na ƙulli marar suna. Tsamiya da lemon tsami ba su ƙare a kasuwa ba.

Kai kuma ɗan'uwa da ka fito daga cikin jima ko rini ko fenti, ka tuɓe rigar aiki, ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ka kai loma baki, kada ka ɗauki kwanonka ka koma ci a gindin inji. Tambaya kuma ba raini ba ce, kuɗinka ka biya.

Masu kamfanoni su riƙa huda duroman sinadari kafin su fitar da su ƙofa. Duba-gari kuwa, don Allah, in kun zo rumfa ku zarce bayanta ku ga inda ruwa yake.