Fitilun LED a cikin mota: Yadda ƙaramin resista ke raba haske da gobara

Daga garejojin birnin Kano zuwa tashoshin motar Rano da Kibiya, ƙananan fitilun LED sun fara maye gurbin tsohon ƙwan rufin mota. Direban da ke kai fasinja Lausu da ƙauyukan kewaye da dare yana son su domin haskensu fari ne tas, kuma ba sa shanye batir. Ana samun su da araha a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Sai dai lafiyar wannan gyara ta rataya ne a kan wani ɗan ƙaramin abu da ake kira resista, wanda aikinsa shi ne takaita wutar da ke bi ta waya.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, amma idan inji ya tashi, altaneto kan ɗaga ƙarfin zuwa kusan bolt 14.4. Shi kuwa farin ƙwan LED guda ɗaya, irin ƙananan nan, bolt 3 da 'yan kai yake buƙata, da wutar da ba ta wuce miliamfiya 20 ba. Ba kamar tsohon ƙwai mai zare ba, LED ba ya iya kare kansa. Da zarar ƙarfin ya zarce ƙima sai ya zuƙi wuta har ya ƙone.

Ana gano girman resistan da ya dace ne da ƙa'idar da masanin Jamus Georg Ohm ya wallafa a 1827. A cire 3.2 daga 14.4, saura 11.2, a raba da 0.02, a sami om 560. Zafin da wannan resista zai sha ya kusa rubu'in wat, don haka mai rabin wat ya fi aminci. Wani kuskure da ake yi shi ne lissafi da bolt 12, sai fitilar ta yi kyau a gareji, amma a kan hanya wutar da take ja ta zarce ƙima. Zirin fitilun da aka rubuta wa 12V kuwa ya zo da resistocinsa, galibi ɗaya ga kowane ƙwai uku, shi ya sa ake yanka shi a inda aka yi alama kawai. Ba a ɗora shi kai-tsaye a babbar mota mai bolt 24.

Akwai resista iri na biyu, kuma a nan hatsarin yake. Wasu motocin zamani suna da kwamfutar da ke auna wutar da kowane ƙwai ke ja. Da yake LED kaɗan yake ja, sai ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta kunna alamar gargaɗi. Domin a yaudare ta, masu wayarin kan haɗa babban resista a gefen ƙwan, wanda ke cinye wutar ya mayar da ita zafi. Wanda aka fi sayarwa, mai om 6 da wat 50, an yi shi ne domin sigina, inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Idan aka sa shi a fitilar ciki, zai riƙa fitar da zafin sama da wat 30 babu hutu, a bayan silin da aka yi da soso da yadi da roba. Tsohon ƙwan da aka cire wat 5 ne ko 10. Irin wannan resista jikin ƙarfen mota ake ɗaure shi, nesa da wayoyi.

Mai tsaron ƙarshe shi ne fis. Launinsa na nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fis ɗin da ke yawan tsinkewa yana shaida cewa akwai matsala a layin. Maye gurbinsa da wanda ya fi shi girma, ko da zaren waya, na nufin wayar motar ce za ta narke a madadinsa. Fitilar rufi kuma tana da wuta ko an zare makulli, saboda haka waya da ta gurje tana iya tayar da gobara mota na ajiye a ƙofar gida.

A zafin bazara, ko lokacin kaka da motoci ke maƙare da buhunan hatsi, tartsatsi kaɗan ya isa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa na wajabta ajiye tukunyar kashe gobara a mota, kuma a kan hanyar Lausu da tsakar dare ita ce agajin farko. Kafin a biya kuɗin aiki, mai mota ya tambayi wane resista aka sa, a ina aka ɗaure shi, da fis na nawa. Ya bar fitilar a kunne minti goma, inji na aiki, sannan ya taɓa silin. Idan da ɗumi ko ƙaurin roba, aikin bai kammala ba.