Injin Niƙa Da Abincinsa

'Yan'uwa manoma, a 1786 aka buɗe babban gidan niƙa mai aiki da tururi a birnin Landan. Daga baya ƙauyukan Turai da Amurka suka sami ƙananan injuna, suna niƙa hatsi suna tsaga katako. Amma irin wannan inji sai an cika masa tukunya da ruwa, ana ta tura itace ko kwal. Da shi muka gada a Batsari da Safana, da Dajin Rugu da rijiyoyinmu sun ji jiki.

Mu daga dutsen niƙa sai injin gas. To, shi ma da nasa cikin. Kowace tiya aka niƙa, ƙungiya ta ware kuɗin mai da na gyara. In ba haka ba, ran da bel ya tsinke, matanmu su koma kan dutse.