Haruffan Hausa masu ƙugiya a kwamfuta

Haruffa masu ƙugiya, waɗanda ake kuma kira haruffa masu lanƙwasa, su ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na rubutun boko, tare da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ. Suna wakiltar sautukan Hausa da babu su a Turanci, shi ya sa allon madannai na kwamfuta da aka saba sayarwa ba ya zuwa da su. A Najeriya ana rubuta na huɗun da 'y, kamar a kalmar 'ya'ya, a Jamhuriyar Nijar kuwa ana rubuta shi da ƴ.

Muhimmancinsu

Ƙugiyar tana bambanta ma'ana. Kafa daban take da ƙafa, haka baki da baƙi, fada da faɗa, kare da ƙare, bari da ɓari. Idan aka rubuta "an yi fada a fada", sai mai karatu ya yi hasashe kafin ya gane cewa faɗa aka yi a fadar sarki. Sunaye ma abin ya shafe su: garin Ƙaraye da ke yammacin Jihar Kano, kusa da Gwarzo da Kabo, yakan fito a takardu a matsayin Karaye, kamar yadda Ɗanbatta ke komawa Danbatta. Ɗalibin da bai taɓa jin sunan daga bakin mutanen wurin ba zai furta shi yadda ya gan shi.

Tarihi

Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wancan lokacin ana nuna waɗannan sautuka ne da ɗigo ko waƙafi a jikin b, d da k. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka samu shiga littattafan makaranta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta ƙara sabar wa jama'a da rubutun. Masu tafireta kuwa sukan buga b, d da k zalla, daga baya su ƙara ƙugiyar da biro.

Da kwamfuta ta shigo, matsalar ta dawo sabuwa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna aiki da su. Irin waɗannan salo suna aro wurin wasu alamomi ne su ɗora haruffan Hausa a kai. Idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da salon, sai ƙasa ta fito }asa, ɗaya kuma ta fito ]aya. Wasu salon sun ari q, x da v, shi ya sa ake cin karo da qasa, xan da vera a tsofaffin kundaye.

Tsarin Unicode

Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, tsari ne da ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ta yadda ba ya canzawa ko da an canza salo ko na'ura. Lambobin haruffan Hausa su ne: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Rubutun da aka yi da su ne kaɗai injin bincike ke ganewa a matsayin ƙ ko ɗ na ainihi, kuma shi ne ke tafiya lafiya daga kwamfuta zuwa waya ko intanet.

Hanyoyin buga su

A manhajar Microsoft Word ana buga lambar harafin, sannan a danna Alt da X tare. Misali 0199 za ta koma ƙ. Wanda ke yawan rubutu zai iya ware wa kowane harafi gajeriyar hanya a sashen saka alamomi, don kada ya riƙa haddace lamba. Windows na da allon madannai na Hausa da ake ƙarawa daga saitin harshe, akwai kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL. A waya, idan aka zaɓi Hausa a Gboard, ana samun haruffan ta hanyar danne b, d ko k na ɗan lokaci.

Zaɓen salon haruffa

Ba kowane salo ne ke ɗauke da su ba. Idan babu harafin a salon da aka zaɓa, manhaja takan aro shi daga wani, sai ya fito ya fi sauran girma ko kauri, wani lokaci ma ya zama akwati mara komai. Daga cikin salon da ke ɗauke da su duka, kuma ake samu kyauta, akwai Noto na Google, da Charis SIL, Andika, Gentium da DejaVu. Takardar da za a kai maɗaba'a ya fi kyau a mayar da ita PDF, domin salon ya tafi tare da ita.

Gyara tsohon rubutu

Editan da ya karɓi rubutun tsohon salo zai iya mayar da shi Unicode da umarnin nema da musanyawa: ya musanya } da ƙ, ] da ɗ, haka har sauran. Ana yin aikin ne a kwafi, kuma ana raba manyan haruffa da ƙanana. Inda aka ari q, x da v, musanyar baki ɗaya takan lalata sunayen ƙasashen waje da kalmomin Turanci da ke cikin rubutun, don haka ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Rubutun da aka buga da b, d da k zalla kuwa na'ura ba ta iya gyara shi ita kaɗai, domin sai wanda ya fahimci jimlar ne zai san ko baki ake nufi ko baƙi.