Irin Ƙasar da Wasan Golf Ke So

Filin golf mai ramuka 18 yakan cinye hekta 50 zuwa 70, amma ramin da ake ta bin ƙwallo dominsa faɗinsa santimita 10.8 ne kacal. Duk wannan fili saboda ɗan rami!

Manomin Gwarzo ko Kabo in ya samu fadama mai laka sai ya hango shinkafa da rake. Mai tsara filin golf kuwa jigawa yake nema, inda ruwan sama ke nutsewa nan take, ƙwallo ta gangara ba taɓon da zai riƙe ta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A tuddan yashi na bakin tekun Sikotlan wasan ya girma, ƙasar da ba ta nomuwa, aka bar wa tumaki da zomaye. Su ne masu askin ciyawa na farko, kuma ba su taɓa neman lada ba.

A garin Sant Andrus na Sikotlan ramuka 22 ake bugawa a da, sai a 1764 aka rage su zuwa 18. Duniya ta ce ta ji ta gani.

Fili fayau ba ya burge ɗan golf. Tudu da kwari yake so, da ɗan rafi, da itatuwan da za su tare hanya, don haka kuka da ɗorawar da ke gonakin Sabon Birni da sun samu aiki. Gatari ya huta.

Har rana ana lissafi da ita: an fi son ramuka su bi kudu da arewa, kada hasken safe ko na yamma ya kashe wa mai bugu ido. Gwani ma sai ya ga ƙwallo.

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwa. Daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara ciyawa sai da ban-ruwa, kuma ba kowane fili ne ke maƙwabtaka da madatsa irin ta Challawa a Karaye ba. Shi ya sa tsofaffin filaye a Arewa suka daɗe suna zagaye rami da yashi cuɗe da baƙin mai, a share shi sumul kafin a buga. Dabara ta fi rijiya arha!

A garin Kuba Pedi na Ostareliya filin ba ciyawa ko ƙwaya ɗaya. Kowa na tafe da ɗan guntun ciyawarsa ta roba ya ɗora ƙwallo a kai, in zafi ya yi yawa a buga da dare da ƙwallo mai walƙiya. Mutanen Kabo, me kuke jira?