Ciwon Haukan Kare: Ƙa'idojin Tsare Karnuka a Ƙasar Katagum

Jama'a, a birnin Azare da garin Katagum da ƙauyukan da ke kewaye da su, kowa ya san amfanin kare. Shi ne mai gadin gida, abokin mafarauci, kuma mai tsaron garken makiyayi. Amma idan ya haukace, cizo ɗaya ya isa ya halaka mutum.

Yadda ciwon yake

Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen. Idan ta shiga rauni, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi akan yi wata biyu ko uku kafin alamu su bayyana, kamar firgita da tsoron ruwa. Da zarar sun bayyana kuwa, da wuya mutum ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Wa ke da iko?

Tun 1943 Nijeriya take da Dokar Karnuka, wadda aka kafa domin yi wa karnuka lasin da kuma daƙile wannan ciwo. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya bai wa ƙananan hukumomi ikon lura da kiwon dabbobin gida da yawonsu. Saboda haka idan Ƙaramar Hukumar Katagum ko ta Zaki ta yi shela ta bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni, wajibi ne a bi.

Abin da ake bukata lokacin ɓarkewa

1. Kowa ya ɗaure karensa a gida, dare da rana.
2. A kai duk karen da ya kai wata uku wajen likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100, yaɗuwar cutar takan tsaya.
3. Mafarauta su dakata da fita da karnuka, kada kuma a kai kare wani gari.
4. A sanar da mai unguwa duk karen da ya sake hali, yana dalalar da yawu ko cizon abin da ya tarar.
5. Karen da ya ciji mutum a tsare shi kwana 10. In ya mutu ko aka kashe shi, kada a fasa kansa, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom.

Idan kare ya ciji mutum

A wanke raunin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar, ko da ƙarzane ne kawai. Kada a tsaya jiran sakamakon kwana goman, kada kuma a dogara da maganin gargajiya. A cika allurai duka yadda likita ya tsara.

Iyaye, ku ja kunnen yara kada su ɓoye cizo don tsoron faɗa. Yaron da ya faɗi da wuri, shi ne likita ke iya ceto da yardar Allah.