Dariyar Ranar Kandi: Abin Da Yaranmu Ke Faɗa Cikin Raha

A kowace shekara, daidai lokacin da gero ya wuce gwiwa manoma suna fama da maimai, akwai wata hayaniya da kan tashi a makarantun sakandare na ƙasar Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa da Bagwai da Tsanyawa da Makoɗa. Wannan hayaniya ta 'yan aji shida ce waɗanda suka ajiye biro bayan takardar ƙarshe ta jarrabawar NECO, wadda akan kammala wajen watan Yuli. Yara kan ce sun yi kandi, wato sun gama ke nan. Mai wucewa a kan keke zai ji shewa da tafi da ƙyaƙyata, ya ga fararen riguna sun sha rubutun maka, wataƙila ya girgiza kai ya ce yaran zamani ba su da aikin yi. To, 'yan'uwa masu karatu, mu dai muna ganin ya kamata iyaye su matso kusa su kasa kunne, domin cikin wannan raha ne yaranmu suke faɗin abin da suka yi shekara shida suna haɗiyewa.

Sarautun Ranar Rabuwa

Abu na farko da akan yi shi ne naɗin sarauta. Ba a rasa Sarkin Makara a kowane aji, wato wanda bai taɓa riskar taron safe daga farkonsa ba, wanda tsallen kwaɗo da kamun kunne suka zama masa karin kumallo. Akwai Sarkin Barci mai mazauni a bencin baya, da Sarkin Aro wanda ya gama makaranta bai taɓa sayen biro ba. A wajen 'yan mata kuwa akan naɗa Magajiyar Surutu, wadda sunanta ba ya ɓacewa daga takardar monita. A makarantun kwana babbar sarauta ita ce ta Sarkin Gabza, gwanin cin tuwon nan da miyar da ɗalibai kan yi mata tsiya cewa mutum yana iya hango fuskarsa a cikinta. Akan yi wa sarki rawani da tawul, a ba shi muciya a maimakon sanda, wani ya tsaya yana yi masa kirari kamar maroƙi.

Bayan naɗi sai karatun wasiyya. Mai fita zai miƙe ya gyara murya, ya sanar cewa ya bar wa ƙannensa 'yan aji ɗaya gadon bokitinsa mai yoyo, da akwatin ƙarfe wanda kwaɗonsa ya lalace tun yana aji uku, da dukan kuɗin cizon da ke cikin katifarsa, a raba musu daidai kada a yi zalunci. Wata za ta bar wa 'yan aji biyar bashin ƙuli-ƙuli da garin kwakin da ake bin ta, ta ce su biya don zumunci. Daga nan sai kwaikwayon malamai: yadda malamin lissafi ke gyara tabarau kafin ya kira sunan wanda ya san bai yi aikin gida ba, da yadda shugaban makaranta ke cewa maganarsa gajeriya ce sannan ya tsai da mutane a rana har inuwa ta juya. Sau da yawa malaman suna zaune a wurin, su ne ma suka fi kowa dariya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mun gaji wasan taubasai, da wasan jika da kaka, da na Kanawa da Zage-zagi, da na Fulani da Barebari. A cikin irin wannan wasa ƙarami kan faɗa wa babba magana mai nauyi ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ranar kandi ita ce rana ɗaya tak da makaranta ke buɗe wa ɗalibi wannan ƙofa, shi kuwa yakan shige ta da ƙarfinsa.

Da Wasa Ake Faɗa Wa Wawa Gaskiya

Idan muka bi waɗannan sarautu ɗaya bayan ɗaya, za mu tarar kowace tana da tushe a gida ko a gona. Sarkin Makara galibi yaron ƙauye ne mai jeka-ka-dawo, wanda sai ya yi wa dabbobi ciyawa, ko ya kai taki gona da jaki, kafin ya hau keke ko ya taka da ƙafa zuwa garin da makarantar take. Wanda ake yi wa tsiya cewa ba a ganinsa ranar kasuwa, wataƙila dako yake yi a Dawanau domin ya haɗa kuɗin littafi. Magajiyar Surutu kuwa, watakila makaranta ce kaɗai wurin da take samun sararin buɗe baki, don a gida daga surfe sai daka sai ɗiban ruwa. Labarin gabza da na garin kwaki labarin yunwa ne, ko da yake da dariya ake ba da shi.

Akwai kuma sunayen da akan ambata ranar nan alhali masu su ba sa wurin. Za a tuna da wane mai ban dariya da ya tafi cirani bai komo ba, a tuna da wance da aka yi wa aure tana aji huɗu. Wasu kuma jarrabawar kwalifayin ce ta tsai da su. Kamar yadda iyaye suka sani, a Jihar Kano ɗaliban makarantun gwamnati kan zauna wannan jarrabawa a aji biyar, waɗanda suka cika sharaɗi gwamnati ta biya musu kuɗin jarrabawar fita, waɗanda suka gaza kuwa nauyin ya koma wuyan iyaye. Manomin da rumbunsa ya yi ƙasa a tsakiyar bazara, ba lalle ne ya sami akuyar da zai sayar ba. Don haka idan 'yan aji shida suka ƙirga kansu ranar rabuwa, sukan ga bencin da suka cika a aji ɗaya ya yi giɓi.

Kowane zubi na ɗalibai kuma yana da nasa tarihin da yake mayarwa abin raha. Waɗanda suka yi karatu a 2020 ba su manta da hutun korona ba, lokacin da aka rufe makarantu tun watan Maris aka yi watanni a gida, har jarrabawar WAEC ta koma watan Agusta. Haka kuma ba su manta da rufe wasu makarantun kwana da aka yi ba bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina a watan Disamba na wannan shekara, da na Jangebe a Jihar Zamfara a watan Fabrairun 2021. Su kuwa 'yan 2025, abin tsiyarsu shi ne takardar Turanci ta WAEC da ta makara a wurare da dama a ƙasar nan, har aka rubuta ta da dare da hasken tocila da na waya. Yaron da ya ba da wannan labari yana dariya, a ranar da abin ya faru ba dariya yake yi ba.

Me Ya Sa Takardar Take Da Nauyi

Mutanen birni ba kasafai suke gane nauyin wannan takarda a wajenmu ba. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar noma ta Afirka ta Yamma. Ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an noma ta, taki da toka da inuwar gawo ne suke riƙe da ita. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki, yau ga shi gayaunar wani ba ta ciyar da gidansa wata shida. Noman rani a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai da ta Tomas a ƙasar Dambatta yana taimakawa, amma ba kowa ke samun fili ba. Saboda haka uban da ya kai ɗansa sakandare, gona ta biyu yake ƙoƙarin saya masa.

Iyayenmu sun ga amfanin wannan da idonsu. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka soma a 1976 ya kai aji har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. A 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa daga cikin 'ya'yan manoma. Sai dai hanyar ba ta da faɗi. Mai son shiga jami'a sai ya sami kiredit biyar, sannan ya ci jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Turanci da lissafi su ne suka fi kayar da yaran karkara. A 2025 da WAEC ta fara fitar da sakamako a watan Agusta, kashi 38 cikin ɗari da 'yan kai ne kawai suka sami kiredit biyar haɗe da waɗannan darussa biyu. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an sami kuskure wajen maki, ta gyara adadin ya koma kusan kashi 63. Ku dubi irin kwanakin da yara da iyaye suka yi a tsakanin sanarwar biyu. Yaran da ke shewa ranar kandi sun san duk wannan yana gabansu.

A Yafe Juna

Abin da ya fi burge mu a wannan al'ada shi ne yadda take ƙarewa. Idan dariya ta lafa, sai ka ga firifet ɗin da ya yi shekara yana sa mutane yankan ciyawa ya bi 'yan ƙananan aji yana cewa, “Don Allah ku yafe mini.” Ɗalibi kan durƙusa gaban malamin da ya gama kwaikwayo yanzun nan ya ce, “Malam, a gafarce mu, a sa mana albarka.” Malamin kuma ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya, Allah ya ba da sa'a.” Wasan da aka yi da farko shi ya sassauta zuciya har wannan magana ta iya fita, don Bahaushe bai saba fuskantar mutum kai tsaye da abin da ke ransa ba.

A yawancin waɗannan makarantu 'ya'yanmu na ikkilisiya kaɗan ne a cikin aji, wani lokaci ɗaya ko biyu. Amma kwano ɗaya suka ci da 'yan'uwansu Musulmi, bulala ɗaya suka sha, an kawo musu naman Sallah, su ma sun kai shinkafar Kirsimeti. Wanda kuka yi sarautar gabza tare, ba a iya zuwa gobe a ce maka dodo ne ka yarda. Wannan zumunci dukiya ce ga ƙauyukanmu, bai kamata ya ƙare a bakin ƙofar makaranta ba.

Inda Wasa Ke Wuce Gona Da Iri

Ba mu ce kome da ake yi ranar nan daidai ne ba. Rubutun maka a jikin riga ya kai ga samari suna taɓa jikin 'yan mata da sunan sa hannu, ga tseren babura, ga jifan tagogi, ga masu ramuwar gayya a kan malami ko firifet. Irin wannan ne ya sa a 2025 gwamnatocin jihohin Sakkwato da Yobe suka hana bikin a makarantunsu na sakandare. Rigar ma kanta abin dubawa ce, domin a gidan talaka ƙani ne ke jiran ya gaje ta. Amma idan aka hana ɓarna, kada a hana ban kwana. Yaron da aka kora gida shiru bayan shekara shida, zai je ya yi nasa bikin a inda babu babba ko ɗaya. Gara a yi shi da rana a harabar makaranta, malamai da iyaye suna zaune, a naɗa sarakunan, a karanta wasiyyar, a yafe juna.

Bayan An Watse

Kashegarin kandi, Sarkin Barci zai tashi da asuba ya saɓa fartanya. Sakamakon WAEC ba ya fitowa sai wajen Agusta, na NECO kuwa sai gero ya nuna. Waɗannan watanni su ne masu haɗari, a cikinsu ne ake yanke shawarar da ba ta warwaruwa. A nan ne saurayi kan bi motar cirani, a nan ne akan karɓi kayan auren yarinya tun ba a ga abin da ta ci ba.

Don haka muna roƙon iyaye da dattawa da zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa, idan an shirya wa yaran nan addu'ar godiya, a ba su fili su ba da labaransu, mu yi dariya tare da su, sannan mu tambaye su abin da ke bayan labarin. A rubuta sunan kowane ɗaya, a san ranar da sakamakonsa ya fito. Wanda ya ci, a nuna masa hanyar Jami'ar Bayero, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Dambatta. Wanda Turanci ko lissafi ya kayar, a sanar da shi cewa WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, daidai lokacin kaka da hatsi ke hannu, a haɗa masa kuɗin ko da kwano-kwano ne. Mai son sana'a a kai shi wurin gwani a damƙa shi hannu da hannu. 'Yan mata kuwa a yi haƙuri a bar su su ga sakamakonsu tukuna.

Ku kuma 'yan kandi, muna taya ku murna. Ku riƙe lambobin juna, ku nemi abokan nan da suka tsaya a hanya, kada ku manta da malamanku. Allah ya ba ku sakamako mai kyau, ya sa iyayenku su ci moriyar wahalarsu. Amin.