Yadda kwamfuta ke saita agogonta ta intanet

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu ya san wannan matsala: kwanan wata ya koma shekarun baya, shafin banki kuma ya ƙi buɗewa. Dalili shi ne, takardar shaidar tsaro ta kowane shafi tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Idan agogonka ya kauce, sai kwamfutar ta ƙi yarda da takardar. Haka lambobin sirri masu canzawa duk bayan daƙiƙa 30 suke, sai da agogo mai kyau.

Ko batiri bai mutu ba, agogon kwamfuta ba ya tsayawa daidai. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne mai girgiza idan lantarki ya ratsa shi yake ƙirga lokacin, kuma zafi da sanyi suna shafar saurinsa. A rana ɗaya yana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa ɗaya ko fiye.

Maganin wannan shi ne tsarin NTP, wanda Farfesa David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya ƙirƙiro, aka fitar da ƙa'idojinsa a 1985. Tsarin hawa-hawa ne. A can sama akwai agogunan atom, waɗanda tun 1967 ake auna daƙiƙa ɗaya da girgiza 9,192,631,770 ta sinadarin sesiyam a cikinsu. Manyan kwamfutocin da aka haɗa da su kai tsaye, ko ta taurarin GPS, su ne hawa na ɗaya. Na ƙasa da su suna tambayarsu, har abin ya iso gare ka.

Sai dai saƙo yana ɗaukar lokaci a hanya. Kafin amsa ta iso, lokacin da aka faɗa ya riga ya wuce. Saboda haka ake rubuta lokuta huɗu: tashin tambaya, isarta, tashin amsa, da isowarta. Idan zuwa da dawowa sun ci kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, sai kwamfutar ta raba biyu, ta ƙara rabin a kan amsar. Kuma takan tambayi wurare da yawa, ta watsar da wanda ya saɓa wa saura. Ƙaramin kuskure ba ta gyara shi lokaci guda. Sannu a hankali take rage ko ƙara saurin agogon.

Lokaci ɗaya tak ake aikowa, wato UTC. Na'urarka ce ke ƙara sa'a ɗaya a Yamai, Garwa ko Njamena, sa'a biyu a Khartoum, ba ta ƙara komai a Kumasi. Don haka idan ka ƙetare iyaka ka ga agogo ya saɓa da sa'a guda cif, kada ka juya shi da hannu. Duba yankin lokacin da aka zaɓa, ka bar saitin atomatik a kunne.